Maɓallin Tsayarwa da na Dakatarwa a Manhajar Sauraron Waƙa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi zamani da rakoda mai cin kaset ya san jerin maɓallan da ke samanta: na naɗar murya mai jan launi, da na kunnawa, da na tariyowa baya, da na turawa gaba, da na tsayarwa, sannan na dakatarwa. Amma idan mutum ya buɗe manhajar sauraron waƙa a wayarsa a yau, galibi maɓalli uku zai tarar: na komawa baya, da na tsallakawa gaba, da wani guda a tsakiya mai aikin kunnawa da dakatarwa a haɗe. Maɓallin tsayarwa, wanda alamarsa murabba'i ce, ya ɓace daga manhajoji da dama, alhali wasu kuma sun riƙe shi har yanzu.

Wannan bambanci ya haifar da muhawara tsakanin masu tsara manhaja da masu amfani da ita. Wasu na ganin maɓallin tsayarwa gadon tsofaffin injuna ne da aikinsa ya ƙare. Wasu kuwa na ganin cire shi tauye haƙƙin mai sauraro ne. A wannan darasi za a bibiyi asalin maɓallan biyu, a duba aikin da kowannensu ke yi a cikin na'ura, sannan a auna hujjojin ɓangarorin biyu domin a fitar da matsaya. Batun ya shafi ɗalibin Hausa kai-tsaye, domin shi ne mai naɗo hira daga bakin dattawa, shi ne mai juyar da waƙar baka daga sauti zuwa rubutu, kuma gobe shi ne malamin da zai kunna wa ɗalibansa sauti a cikin aji.

1.1 Ma'anar Kalmomin Biyu

Kalmomin "dakatarwa" da "tsayarwa" sun samo asali ne daga aikatau "dakata" da "tsaya", waɗanda idan aka mayar da su aji na biyar suke zama "dakatar da" da "tsayar da". A maganar yau da kullum sukan shiga gonar juna, domin Bahaushe yakan ce "tsaya in gaya maka" kamar yadda yakan ce "dakata in gaya maka". Duk da haka, "dakata" ta fi ɗauke da niyyar ci gaba bayan ɗan jinkiri. A wannan darasi, dakatarwa na nufin katse sauti tare da riƙe wurin da aka katse, na'ura tana cikin shirin ɗorawa. Tsayarwa kuwa na nufin kawo ƙarshen aikin sauraro, na'ura ta saki abin da ta riƙe.

Ɗalibin da ya san ƙa'idojin rubutu zai iya kwatanta su da waƙafi da aya. Waƙafi hutu ne a tsakiyar jimla, mai karatu ya san akwai sauran magana. Aya kuwa ita ke rufe jimlar. Alamar dakatarwa 'yan sanduna biyu ne a tsaye, ta tsayarwa murabba'i, ta kunnawa kuma alwatika mai fuskantar dama.

2.0 Asalin Maɓallan Biyu

2.1 Zamanin Kaset

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da ƙaramin kaset a shekarar 1963. Zaren kaset yana tafiya da saurin santimita 4.76 a kowace daƙiƙa, kuma abubuwa uku ne ke haɗuwa kafin a ji sauti. Akwai ƙaramin inji mai juyawa. Akwai ɗan ƙarfen da ke gogar zaren yana karanta sautin, wanda masu gyara ke kira hed. Sai kuma 'yar tayar roba da ke matse zaren a jikin wani siririn sandan ƙarfe mai juyawa, wanda shi ke jan zaren daidai wa daida.

Idan aka danna maɓallin dakatarwa, 'yar tayar robar ce kawai take ɗagawa daga jikin sandan. Zaren ya daina tafiya, amma inji yana ci gaba da juyawa, hed kuma yana nan manne da zaren. Da an saki maɓallin, sauti ya ɗora nan take. Idan kuwa maɓallin tsayarwa aka danna, hed da tayar duk sukan ja da baya, maɓallin kunnawa ya ɗago, a rakoda mai batir kuma wuta ta yanke daga injin. Sai an yi haka ake iya buɗe murfi a fitar da kaset. Shi ya sa a rakodoji da yawa maɓalli ɗaya ne ke tsayarwa, a danna shi karo na biyu ya buɗe murfin.

Ke nan kowane maɓalli yana da dalilinsa na zahiri. Mai naɗar waƙa daga rediyo yakan danna dakatarwa idan mai gabatarwa ya sa baki, ya saki idan waƙa ta dawo, domin kada a ji ƙarar ƙarfe a tsakiyar abin da ya naɗa. Wanda kuma ya bar rakodarsa a dakace ya tafi masallaci ko kasuwa, zai dawo ya iske batir ya yi sanyi ba tare da ya ji komai ba. Abin lura a nan shi ne, a zamanin kaset tsayarwa ba ta mayar da mutum farkon waƙa. Zaren yana nan inda aka bar shi, ko da bayan shekara ne. Haka kuma, tsayarwa ce ta zama dole a kowace na'ura, dakatarwa kuwa ƙari ce. Ƙananan na'urorin kaset na aljihu, waɗanda suka yaɗu bayan da kamfanin Sony na Japan ya fitar da Walkman a 1979, da yawansu ba su da maɓallin dakatarwa sam.

2.2 Zamanin Faifai

Al'amari ya sauya da zuwan faifan CD a 1982, wanda kamfanonin Philips da Sony suka haɗa hannu wajen samar da shi. Shi faifai hasken leza ne ke karanta shi, babu abin da ke gogar jikinsa, kuma babu zaren da zai riƙe wa mutum wurin da ya tsaya. Idan aka dakatar, faifan yana ci gaba da juyawa, hasken yana jira a wurin. Idan aka tsayar, faifan ya daina juyawa, na'urar ta manta wurin, a yawancin na'urori sai a koma waƙa ta farko. Daga nan ne tsayarwa ta sami sabuwar ma'ana, wato komawa farko.

Masu ƙera na'urar DVD, wadda ta fito a Japan a 1996, sun ga cewa wannan mantuwa takura ce ga mai kallon fim na sa'a biyu. Sai na'urori da yawa suka zo da wata dabara: danna tsayarwa sau ɗaya yakan tsayar da faifai amma a tuna wurin, dannawa sau biyu kuma ta goge wurin gaba ɗaya. Tun daga nan iyakar da ke tsakanin maɓallan biyu ta fara dusashewa.

3.0 Shigowar Manhaja

Da tsarin MP3 ya yaɗu a shekarun 1990, waƙa ta koma fayil a cikin kwamfuta. Babu zare, babu tayar roba, babu injin da ke juyawa domin waƙar kaɗai. Wurin da aka tsaya ya zama lamba kawai, misali daƙiƙa ta 95, wadda manhaja za ta iya ajiyewa ko ta goge yadda mai tsara ta ya ga dama.

Manhajojin farko sun kwaikwayi fuskar na'urorin da mutane suka saba da su. Winamp, wadda ta fito a Amurka a 1997, tana da maɓallai biyar a jere: baya, kunnawa, dakatarwa, tsayarwa, gaba. An ma ɗora su a kan haruffan Z, X, C, V da B na allon rubutun kwamfuta, waɗanda ke jere a layi ɗaya. Windows Media Player ta kamfanin Microsoft ita ma ta zo da maɓallin tsayarwa. Haka VLC, wadda ɗaliban wata makarantar injiniya a Faransa suka faro, aka kuma sake ta ga kowa kyauta a 2001, tana da shi a manhajarta ta kwamfuta.

Kamfanin Apple ne ya fi shahara da bin ɗaya hanyar. Na'urarsa ta iPod, wadda ta fito a watan Oktoba na 2001 aka kuma daina ƙera ta a 2022, maɓalli ɗaya ta tanada domin kunnawa da dakatarwa, ba ta da na tsayarwa. Wanda ke son kashe ta sai ya danne wannan maɓalli na ɗan lokaci. Rhythmbox, manhajar sauraro ta masu amfani da tsarin Linux, ta bi wannan sawu. YouTube da aka kafa a 2005, da Spotify da ta fara aiki a Suwidin a 2008 ta kuma iso Nijeriya a 2021, duk ba su sanya maɓallin tsayarwa a fuskarsu ba. Har ila yau, ƙa'idar HTML5 da ake gina shafukan intanet da ita, wadda aka tabbatar a 2014, ta tanadi umarnin kunnawa da na dakatarwa ga fayil na sauti ko bidiyo, ba ta tanadi umarnin tsayarwa ba. Mai rubuta shafi da ke son tsayarwa sai ya haɗa umarni biyu: ya dakatar, sannan ya mayar da lokaci sifiri.

4.0 Hujjojin Masu Ganin Ba a Bukatarsa

Hujja ta farko ita ce, dalilin da ya haifi maɓallin ya kau. Fayil ba ya lalacewa don an bar shi a dakace, kuma manhajar da aka tsara da kyau ba ta cin batir na a zo a gani alhali ba ta fitar da sauti. Mutum na iya dakatar da waƙa da daddare, ya wayi gari ya ɗora daga inda ya tsaya.

Hujja ta biyu ita ce, ana iya samun sakamakon tsayarwa ta wata hanya. Mai son komawa farkon waƙa yana da maɓallin baya, yana kuma da layin lokaci da zai ja da ɗan yatsa. Mai son gamawa ɗungurungum sai ya rufe manhajar.

Hujja ta uku ta shafi sauƙin aiki. Masanin halayyar ɗan Adam na Ingila, William Hick, ya nuna a 1952 cewa lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya yanke shawara yana ƙaruwa gwargwadon yawan zaɓin da ke gabansa. Takwaransa na Amurka, Paul Fitts, ya nuna a 1954 cewa abin da ya fi girma kuma ya fi kusa ya fi saurin taɓuwa da hannu. Fuskar waya ƙarama ce. Idan aka rage maɓalli ɗaya, sauran za su sami fili su girma, mai tuƙi ko mai tafiya a ƙasa ya danna ba tare da dogon dubawa ba.

Hujja ta huɗu ita ce ta ɓarnar kuskure. Maɓallai biyu da ke maƙwabtaka, dukansu suna kawo shiru, amma ɗaya yana riƙe wuri ɗaya yana zubarwa, tarko ne ga mai gaggawa. A waƙar minti huɗu asarar ba ta taka kara ta karya ba. Amma a ɗauki ɗalibin da ke rubuta baitocin wata doguwar waƙa ta Alhaji Mamman Shata, ko wata hira ta sa'a guda da ya naɗo a ƙauye. Aikinsa ji, dakatarwa, rubutawa, ɗorawa, sau ɗaruruwa. Idan yatsansa ya zame ya danna tsayarwa a minti na 47, sai ya koma laluben wurin da yake. Ga irin wannan mai aiki, rashin maɓallin ma kariya ce.

5.0 Wuraren da Ake Bukatarsa

Duk da ƙarfin waɗancan hujjoji, akwai wurare huɗu da dakatarwa kaɗai ba ta wadatarwa.

5.1 Shirin Kai-tsaye

Dakatarwa alkawari ne cewa za a ɗora daga inda aka katse. Gidan rediyon da ke watsa shiri kai-tsaye ta intanet ba ya jiran kowa. Don haka manhaja tana da zaɓi biyu. Ko dai ta yanke hulɗa da tashar, wanda tsayarwa ce ko da an lulluɓe ta da alamar dakatarwa, ko kuma ta ci gaba da sauko da sautin tana tarawa har mai sauraro ya dawo. Na'urar TiVo ta yi suna a Amurka tun 1999 da irin wannan tarawa ga masu kallon talabijin. Sai dai tarawa tana da kuɗi. Tashar da ke aiko da kilobit 128 a daƙiƙa tana cin kimanin megabayit 58 a sa'a guda. Ga wanda ke sayen data da ɗan abin da ke aljihunsa, ya kamata ya san ko shirun da ya ji na nufin an rufe famfo ne, ko kuwa ruwa na ci gaba da zuba. Alamar murabba'i tana ba shi wannan tabbaci. Shi ya sa manhajojin rediyo da yawa suke nuna ta a maimakon sanduna biyu idan shirin na kai-tsaye ne.

5.2 Naɗar Murya

A wajen naɗa, maɓallan biyu ba sa maye gurbin juna. Dakatarwa na nufin fayil yana buɗe, za a ƙara masa. Tsayarwa na nufin a rufe fayil a ajiye. Wasu nau'o'in fayil, kamar MP4, sai a ƙarshen naɗa ake rubuta bayanin da ke nuna tsarin abin da ke ciki. Idan batir ya mutu kafin a rufe, fayil na iya ƙin buɗuwa. Saboda haka Audacity, manhajar naɗa da gyaran sauti da ta fito a 2000, take da maɓallan biyu. A WhatsApp ma, da aka ƙara damar dakatar da naɗar saƙon murya a 2022, an bar hanyoyin kammalawa guda biyu a gefe, wato aikawa ko gogewa. Mai bincike da ya naɗo hira ya bar ta a dakace, bai gama aikinsa ba tukuna.

5.3 Sakin Abin da Aka Riƙe

Manhajar da ke dakace takan riƙe fayil a buɗe. A tsarin Windows, sau da yawa ba a iya goge irin wannan fayil ko sauya masa suna, kuma kwamfuta kan ƙi amincewa a zare filashin da yake ciki. Haka nan, manhajar da aka ba ta ikon mallakar na'urar sauti ita kaɗai takan hana sauran manhajoji fitar da sauti muddin ba ta saki ba. A nan tsayarwa tana yin irin aikin da take yi a rakoda, wato janye hed domin a fitar da kaset. Masu tsara Android sun san da wannan bambanci. A cikin kayan aikin da suka ba masu rubuta manhaja akwai umarnin dakatarwa da na tsayarwa daban-daban, kuma bayan an tsayar sai an sake shirya fayil kafin ya kunnu. Wato aikin tsayarwa yana nan a ciki ko da ba a nuna maɓallinsa a fuska ba.

5.4 Aikin Aji da na Taro

Malamin da ke koyar da furuci yakan kunna gajeren sauti sau biyar ko shida, kuma kowane karo daga farko yake son ya fara. Haka mai kula da sauti a wasan kwaikwayo na makaranta, ko ma'aikacin gidan rediyo da ke ajiye taken shiri a shirye. A wurinsu dannawa ɗaya da za ta kawo shiru ta kuma mayar da sauti farko ta fi dannawa biyu, musamman da yake a wasu manhajoji maɓallin baya yakan tsallaka zuwa waƙar da ta gabata idan ba a yi nisa ba. Abin da ya zama tarko ga mai rubuta waƙa shi ne ya zama sauƙi ga malamin furuci. Kowane allazi da nasa amanu.

6.0 Matsaya

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa kalmar tsayarwa ta tattara ayyuka uku mabambanta: kawo shiru, da mayar da sauti farko, da sakin abin da na'ura ta riƙe. A rakoda aiki na ɗaya da na uku take yi. A faifan CD ta haɗa duka ukun. A manhaja kuwa ana iya rarraba su. Dakatarwa ta ɗauke na farko. Maɓallin baya ya ɗauke na biyu. Na ukun ne ya rage, kuma shi ne ma'aunin da ya kamata a yi hukunci da shi.

Saboda haka, manhajar da aka yi domin sauraron waƙoƙin da ke ajiye a waya ko kwamfuta ba ta bukatar maɓallin tsayarwa a fuskarta, bisa sharaɗi guda: ta ɗauki nauyin sakin fayil da na'urar sauti da hanyar intanet da kanta idan dakatarwa ta yi tsawo, tare da tuna wurin da aka tsaya. Idan ta kasa cika wannan sharaɗi, to cire maɓallin ɗora wa mai sauraro asara ce da bai sani ba. Manhajar shirin kai-tsaye, da ta naɗa, da ta masu sana'ar sauti kuwa suna bukatarsa a fili. Tsakanin waɗannan biyu akwai hanyar sulhu da wasu manhajoji suka bi, wato a ɓoye umarnin a cikin jerin zaɓi, ko a tanadi agogon barci mai kashe sauti bayan wasu mintoci, ko umarnin tsayawa idan waƙar da ake ji ta ƙare, wanda Winamp ta daɗe da shi.

Ga ɗalibi, amfanin wannan bayani shi ne ya zaɓi kayan aiki gwargwadon aikinsa. Idan juyar da sauti zuwa rubutu zai yi, ya nemi manhaja mai babban maɓallin dakatarwa da damar komawa baya da 'yan daƙiƙoƙi. Idan naɗa zai yi, ya tabbatar ya tsayar, ya kuma ga fayil ya ajiyu kafin ya sallami wanda ya yi hira da shi. Idan rediyo yake ji ta intanet, ya rufe manhajar in ba shi da tabbacin abin da take yi a lokacin shiru.

7.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga yadda maɓallin tsayarwa da na dakatarwa suka samo asali daga yadda injin kaset ke aiki, da yadda faifan CD ya ƙara wa tsayarwa ma'anar komawa farko, da kuma yadda manhajoji suka rabu gida biyu a kan riƙe maɓallin ko cire shi. An kawo hujjoji huɗu na masu cirewa, da wurare huɗu da ba a iya yi sai da shi. An kuma nuna cewa tambayar da ta dace a yi wa kowace manhaja ita ce: me take riƙe da shi a lokacin da ta yi shiru, kuma wa zai sa ta saki?

8.0 Tambayoyin Bita

1. Bayyana abin da ke faruwa a cikin rakoda idan aka danna maɓallin dakatarwa, da abin da ke faruwa idan aka danna na tsayarwa.

2. Wace sabuwar ma'ana faifan CD ya ƙara wa tsayarwa, kuma wace dabara masu ƙera DVD suka yi a kanta?

3. Kawo hujjoji uku na masu ganin ba a bukatar maɓallin tsayarwa a manhajar sauraron waƙa.

4. Me ya sa dakatarwa ba ta cika alkawarinta a shirin rediyo na kai-tsaye?

5. Gina jimloli biyar da "dakatar da", wasu biyar kuma da "tsayar da", sannan ka nuna inda ɗaya za ta iya maye gurbin ɗaya da inda ba za ta iya ba.